Kusurwar Usta Bayyumi

Ranar Juma'a Ummu Hamada ta shigo gidanmu ba ta ko buga ƙofa ba. Ta same mu ni da Mama muna naɗe shinkafa a ganyen kabeji. Ta wanke hannu, ta zauna, ta kama naɗi. Sai da ta jera kusan rabin tukunya sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Hajji Shahhat zai sallami Abu Hamada ranar Alhamis."

Abu Hamada mijinta ne, Usta Bayyumi, babban gwani a masana'antar Hajji Shahhat. Usta muke ce wa gwanin sana'a. Tare suka tashi da mahaifina a bakin injin murza tukwane, tare suka yi furfura, har mahaifina ya rasu. A garinmu Mit Gamar kusan kowane gida da alminiyam yake cin abinci, kuma duk wanda ya san tukunya ya san hannun Usta Bayyumi.

Mama ta ajiye ganyen da ke hannunta. "Me ya yi?"

"Barci. Wai barci yake yi a kan inji. Ran Talata kansa ya yi ƙasa, saura ƙiris hannun rigarsa ya shige cikin juyin injin. Da aka janye shi ya fita waje ya yi ta amai. Yanzu 'yan wurin suna cewa ƙwaya yake sha."

"Bayyumi? Wanda sai an yi dambe da shi yake haɗiye maganin mura?"

"Shi fa, 'yar'uwa. Mutumin da ko sigari bai taɓa sawa a baki ba."

Na tambaye ta ko ya ga likita. Ta ce ya gani. An auna jini, an auna suga, an ce lafiyarsa ƙalau, ya rage shayi. Ita kuma ta yi turare, ta zagaya kansa da gishiri, ta sa an yi masa karatu, don ta san akwai masu ido a kan mijinta.

"Sallamar ba ita ta dame ni ba, Tahani," ta ce da ni. "Usta irinsa ba ya rasa inji. Amma in ya fita da wannan sunan, daga nan har Zifta can ƙetaren kogi babu mai ba shi ko tsintsiya ya riƙe. Kuma shi ba zai iya zama a gidan shayi ana kallonsa ba. Na san mijina."

"Yau yana ina?"

"Yana gida garau. Ya cinye wake da gurasa har da rabona, yana can yana faɗa da talabijin."

"Kowace Juma'a haka yake?"

Ta jera wani naɗin a tukunya. "Da safe yakan ɗan riƙe kai. Kafin a sauko masallaci ya warware. Asabar da la'asar kuma ya dawo mini kamar wanda aka yi wa duka."

"Tun yaushe?"

"Tun da sanyi ya shigo."

Na ce ciwon kan da yake zuwa hutu ranar Juma'a, ranar da ba a zuwa aiki, ba a gida yake zaune ba. Mama ta harare ni, don ba ta son in yi magana kamar ina karanta takarda.

"To," in ji Mama, "ba aikinki ba ne wannan? Ko sa hannu kawai aka tura ki ƙasar ƙanƙara ki koyo?"

Aikina ne. Ina ofishin da ke duba lafiyar ma'aikata a masana'antu, kuma ina son aikin. Ina son ƙarar injuna da safe, da warin man goge tukwane, da yadda kowa ya san 'yar wa ce ni. Na duba masana'antar Hajji Shahhat da kaka, na same ta daidai. Matsalar ita ce a garinmu ba a zuwa wa mutum ba zato. Ban faɗa wa kowa zan je ranar Litinin ba sai direban ofis, wato na faɗa wa kowa.

Ba wai duk ha'inci ne ba. Haka ake karɓar baƙo. Ka share gida, ka buɗe tagogi, ka sa riga mai kyau. Mai duba masana'anta baƙo ne, ana masa abin da ake wa surukai. Shi ya sa na'urata take yawan nuna mini iskar da babu ma'aikacin da ya taɓa shaƙa.

Litinin ta zo da sanyin watan Tuba, watan tsakiyar hunturu a wurinmu, irin wanda yake bi ta ƙarƙashin riga ya zauna a ƙashi. An yi yayyafi da asuba, titi duk caɓi. Tun daga nesa na hango ƙofar gaba a wangale, ta baya ma haka, har kana iya ganin gonar dankali ta cikin ginin. An buɗe tagogin sama kaf. An yayyafa wa ƙasa ruwa an share. Kowane ma'aikaci da hular kwano a kansa, wasu ko ledar ba a cire musu ba. Duk suna rawar ɗari.

Hajji Shahhat ya tare ni a bakin ƙofa, ƙaton mutum da mayafin ulu a wuya.

"Maraba da Injiniya! Masana'anta ta yi haske."

"Hasken naka ne, ya Hajji."

"Ina Hajiya? Ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi. Tana gaishe ka."

Ba mugun mutum ba ne. Yana biya kan lokaci, kuma shi ya ɗauki gawar mahaifina a motarsa. Abu biyu ne kawai ba a ja masa a kansu: maganar da ya riga ya faɗa a gaban mutane, da tattabarunsa.

Na rataya na'urar a wuya na zagaya. Ƙaramar aba ce, ba ta fi wayar hannu ba, tana auna gubar da wuta ke fitarwa idan ba ta samu isasshiyar iska ba. A takarda sunanta kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Na bi ta gaban tanderun da ake narka alminiyam, na bi ta wurin injin da ke miƙar da shi faifai-faifai, na bi layin masu murzawa da masu gogewa. Na'urar ba ta ko motsa ba. Da irin iskar da ke ratsa ginin ranar, ko gawayi aka hura a tsakiyarsa ba za ta motsa ba.

Usta Bayyumi na can ƙarshen layi, a wani loko tsakanin bangon tanderu da ɗakin ajiya. Ya kafa sandar ƙarfe a hammata, yana danna faifai a kan juyi, tukunya tana fitowa a hankali kamar ana lallashinta. Bai ɗago ba sai da na tsaya a kansa.

"Barka da aiki, Kawu."

"Barka, 'yar Abdul-Ati." Ya kalli takalmana, bai kalli fuskata ba. Ya rame.

"Da kaka injinka a bakin ƙofa yake."

Wanda ke kusa da shi ne ya amsa, wani mai gashin baki da ake kira Sabri, mai goge tukwane, wanda bakinsa ya fi injinsa gudu.

"Mu muka ja masa shi nan da sanyi ya kama, ya Injiniya. Da ƙyar, har bayana ya riƙe. Wurin da ya fi ɗumi ai na babba ne. Haka muka taso muka gani." Ya kanne ido. "Ashe gado muka gyara masa."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Usta Bayyumi ya ci gaba da danna sandarsa.

Hajji ya tafa hannu. "Injiniya ta gama? Bismilla, ofis. An kunna miki hita, abinci na hanya."

"A nan zan ci, ya Hajji."

"A nan? Cikin ƙara da maiƙo?"

"A nan mahaifina yake ci. A kawo mini kujera kusa da Kawu."

 Aka kawo kujera biyu da ƙaramin tebur, aka shimfiɗa jarida a kai. Na zauna, na cire na'urar na ɗora ta kusa da kofin shayi. Na ja mayafina na ƙudundune.

"Ya Hajji, sanyi nake ji. A rufe ƙofofin nan mana."

Ya dube ni. "Sanyi? Ke da kika yi shekaru inda ruwa ke daskarewa a famfo?"

"Can suna rufe ƙofa."

Sabri ya fashe da dariya har hular kwanonsa ta zame. "Allah Ya biya ki, ya Injiniya! Tun safe nake neman yatsuna ban gan su ba."

Hajji ya dubi ƙofofin. Na ga yana lissafi, amma ba lissafin mai ɓoye laifi ba. Lissafin mai gida ne da baƙo ya ce zai leƙa madafa. Ba a ce wa baƙo a'a don ya ce yana jin sanyi.

"Baƙuwa ta ce sanyi," ya ɗaga murya. "Ku rufe!"

"Ku yi yadda kuke yi kullum," na ƙara. "Kada ku damu da ni."

Ban taɓa ganin aikin da aka yi da sauri irin wannan ba. Ƙofar gaba ta rufe, ta baya ta rufe. Wani ya ɗauko dogon gora ya tura tagogin sama. Daga bayan ɗakin ajiya kwalaye da tsummoki suka fito, kowanne ya san ramin da yake toshewa. Aka shimfiɗa buhu a ƙarƙashin ƙofa. Hulunan kwano suka koma kan ƙusa, hulunan ulu suka fito daga aljihu. Wani ya tura dankalin hausa cikin tokar gefen tanderu. Kafin shayina ya huce wurin ya yi ɗumi, mutane suka miƙe kafaɗa, wani ya kunna rediyo. Wannan ce masana'antar da na zo gani.

Abinci ya iso daga gidan Hajji. 'Yan shila ne da aka cusa wa shinkafa, da romo, da gurasa mai zafi, da tsamin lemo. Na ci sosai. Ba na wasa da 'yan shilar gidan Hajji Shahhat.

"Daga sama suke," ya ce yana nuna rufi da ƙashi a hannu. "Na ci kawai nake yankawa. Na tashi kuwa, ko ɗan gwamna ne ya zo ba zai ga gashinsu a faranti ba. Kin san bana na sha wuya? Farkon sanyi 'yan shila suka riƙa mutuwa a sheƙa. Ka kwanta da su lafiya, ka tashi ka tarar sun sandare. Na kira likitan dabbobi, ya ba ni ruwan magani, aikin banza. Da kaina na gano abin. Tun daga ranar ko ɗaya bai sake mutuwa ba."

"Madalla," na ce. Idona na kan tebur. Lambar da ke fuskar na'urar ta bar sifili.

Na lura da wani abu kuma. Kowane ɗan lokaci mutum biyu za su ajiye aiki, su buɗe ƙaramar ƙofar gefe, su fita shan sigari. Su dawo, wasu biyu su fita. Hajji ya hana shan taba a ciki tun da wani buhu ya taɓa kamawa da wuta. Sabri ya fita ya dawo, ya sake fita. Usta Bayyumi bai motsa ba. Da aka kira azahar a nan lokon ya shimfiɗa kwali ya yi salla. A nan ya kwance ƙullin abincinsa, ya ci loma kaɗan, ya ɗaure.

Hajji ya sunkuyo ya rage murya. "Na san abokin babanki ne. Wallahi ba da son raina ba. Amma in hannunsa ya tafi a injina, me zan ce wa Ummu Hamada? Kuma yara suna kallo. In na bar babba yana sha, gobe me zan ce wa ƙarami?"

"Ka gan shi yana sha?"

"Ai ba sai na gani ba. Dube shi."

Na duba. Usta Bayyumi ya koma kan inji. Yana ƙifta ido da ƙarfi, yana girgiza kai kamar mai korar ƙuda. Tukunyar da ke kan juyi ta fara fita a karkace. Ni ma na ji wani abu ya fara ɗaure mini goshi, kamar na matse ɗankwali. Lambar tana hawa, ba ta tsayawa. Na miƙe, na ɗauki na'urar na kai ta daidai fuskar Usta Bayyumi.

Ta fasa ƙara. Siririyar ƙara ce amma ta ratsa injuna da rediyo.

Na kashe injinsa da hannuna. "A kashe tanderu. A buɗe ko'ina. Kowa waje."

"Dankalina fa?" in ji wani.

"Waje!"

Muka tsaya a bakin titi cikin caɓi. Na zaunar da Usta Bayyumi a kan bulo, na ce ya ja numfashi. Masu tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, suka fara tsayawa kallo. Hajji ya fito ƙarshe, fuskarsa ta canza.

"Mene ne wannan, ya Injiniya? Injin naki ya lalace ne?"

"Kun san abin da hitar gas take yi wa mutum a banɗaki in an rufe taga?"

Kowa ya sani. Babu lokacin sanyin da zai wuce ba a yi irin wannan jana'izar ba. Wani ya ce ɗan yayarsa, wani ya ce wata amarya da ango a unguwarsu.

"Ita ce a cikin ginin nan. A lokon Kawu ta fi taruwa, don iska ba ta ratsawa. Wa ke tashi aiki da ciwon kai?"

Suka kalli juna. Hannu ya fara tashi ɗaya-ɗaya, har na Sabri.

"Ni na ɗauka matata ce," ya ce.

"Kai sigari ce take fitar da kai waje kana shan iska. Shi Kawu ba ya fita."

Sabri ya ciro kwalin sigarinsa ya dube shi da girmamawa. "Kun ji ko? Likitoci su zo su ji."

"Ita ma za ta kashe ka," na ce. "Ba ta gaggawa ne kawai."

Hajji bai yi dariya ba. "Ba zai yiwu ba. Akwai bututu a kan tanderun nan. Ofishinku ne ya sa na saka shi, kuma ke kika duba shi da kaka."

"Mu hau mu gan shi."

Matakalar ƙarfe ce a bayan ginin. Na hau, ya biyo ni yana haki. Sama wata duniya ce. Ɗakin tattabarun ya tashi a kan dogayen katakai, an shafe shi da koren fenti, an yi masa ado da taurari. Ya fi ofishinsa tsabta. Da suka ji takunsa sai kuka ya kaure, wasu suka sauko kafaɗarsa. Daga can kana ganin kogi, da hasumiyoyin Zifta a ƙetare.

Bututun yana gefe, bai fi tsayin mutum ba. An kifa masa ƙaton daron wanki a baki, irin wanda suke murzawa a ƙasa. An danne daron da bulo. An naɗe wuyan da jiƙaƙƙun buhuna an ɗaure da waya.

Na tsaya ina kallo. 

"Wannan ne maganin da na faɗa miki," in ji Hajji. Har lokacin da sauran alfahari a muryarsa. "Da sanyi iska daga wajen teku take zuwa. Sai ta kwaso hayaƙin ta zuba shi cikin sheƙa. Wata safiya na tsaya a nan na gani da idona. Na kifa daro, ya ragu. Na ga yana fita ta gefe, na sa buhu."

"Hayaƙin kuma ina ka ce ya tafi?"

"Ai ƙasa akwai fili. Gini ne babba. Kuma su maza ne manya, ba 'yan shila ba, ɗan hayaƙi..."

Ya tsaya a nan. Wata farar tattabara tana tsaye a kafaɗarsa tana gyara fiffike. Ya ɗauke ta a hankali ya ajiye a kan katako. Sannan ya je ya fara sauke bulon da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi yarda in taya shi.

Na faɗa masa abin da zan rubuta, ban rage komai ba. Tanderu ba zai sake kunnuwa ba sai an ƙara wa bututun tsayi ya wuce ɗakin tattabaru, an kuma duba wutar. Za a bar tagogin sama a buɗe ko ana ƙanƙara. Za a kafa na'ura mai ƙara a bango. Kowa zai je asibiti yau a ɗebi jininsa, Usta Bayyumi a gaba. Akwai tara.

"Rubuta," ya ce. "Duk abin da kika rubuta daidai ne."

Muka sauko. Mutane na nan inda muka bar su, har sun ƙaru. Hajji yana riƙe da daron, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya jingine shi da bango, ya kakkaɓe hannu, ya yi gyaran murya.

"An gano matsalar, za a gyara. Ku shiga mota a kai ku asibiti. Usta Bayyumi, maganar Alhamis an bar ta. Ka ci gaba da aikinka."

Ya juya zai shiga ciki. A wurinsa magana ta ƙare, kuma da alheri.

"Ba a bar ta ba, ya Hajji."

Usta Bayyumi ne, yana zaune a kan bulonsa. Bai ɗaga murya ba.

"Ka ce Alhamis, Alhamis zan tafi. Zan ƙarasa tukwanen da na fara in kwashe sandunana."

"Haba, Abu Hamada. Na ce an bar maganar."

"Ka ce an bar ta. Kamar an kama ni an yafe mini." Ya ɗago kai, karon farko a ranar. "A bakin ƙofar nan ka tsaya ka ce ba ka ajiye ɗan ƙwaya a masana'antarka. Mai shayi ya ji, masu tuktuk sun ji. Surukina ya ji a Zifta kafin in kai gida. Jikana ya tambaye ni wace irin ƙwaya ce, ko mai zaƙi ce."

Babu wanda ya yi dariya, har Sabri.

Hajji ya dube ni. Na buɗe jakata ina neman biro. Wannan ba ya cikin abin da ofis ya aiko ni in duba, kuma babu layin da zan rubuta shi. In ya shige ciki a lokacin, iska za ta gyaru, Usta Bayyumi kuma zai tafi gida da sunan da aka sa masa.

Hajji ya dubi titi. Mutum ne da bai saba janye magana ba, ga masu tuktuk, ga mai shayi ya fito da tire a hannu. Sai ya cire mayafin ulun daga wuyansa ya miƙa wa na kusa da shi. Ya tako cikin caɓi har gaban bulon. Ya kama kan Usta Bayyumi da hannu biyu, hannun duk kunkunniya, ya sumbaci tsakiyar kan.

"Haƙƙinka yana wuyana, ya Usta." Ya juyo wajen titi, ya buɗe murya yadda yake yi in yana kiran tattabaru. "Ku ji, ku kai wa wanda bai ji ba! Bayyumi bai sha komai ba. Ni na toshe bututu saboda tsuntsaye, na shaƙa masa guba, na kuma zage shi a kai. Ni, Shahhat!"

Usta Bayyumi ya bari ya gama. Ya sa hannu ya shafa kansa, ya dubi baƙin da ya fito a tafinsa.

"Ka ɓata mini hula," ya ce.

"Zan saya maka goma."

"Ɗaya ta isa. Kai kuma," ya nuna Sabri, "a gidan shayin Fikri ka fara faɗa. Can za ka je ka warware."

"A kaina, ya Usta. Yau ɗin nan. Zan hau kan kujera."

"Kada ka hau, za ka karya masa. Ka faɗa a tsaye."

Suka shiga motar ɗaukar kaya aka tafi da su asibiti. Wanda ya yi kukan dankalinsa ya koma ya tono shi, ya ƙone ƙurmus, ya ci a hanya.

Ranar Alhamis na koma duba gyaran. Na faɗa wa direba kawai. Na tarar da ƙofofi a wangale, ƙasa a share, huluna a kai. Na ce su rufe, suka rufe suna dariya. Na zauna har na sha shayi biyu, na'urata ba ta ce uffan ba.

Bututun ya tashi sama da ɗakin tattabaru, da sabuwar hula a bakinsa mai barin hayaƙi ya fita ta ko'ina. Ban tambayi wanda ya murza ta ba, hannun a bayyane yake. Usta Bayyumi yana kan injinsa. Sun so su mayar da shi bakin ƙofa ya ƙi. Ya ce lokon nasa ne, shi ne babba, sai dai a fasa masa taga. An fasa. Ya miƙo mini wata ƙaramar tukunyar kofi ya ce in kai wa Hajiya, wadda take da ita tun ta zamanin Abdul-Ati ce, ta isa hutu.

Na'ura mai ƙara tana manne a bango daidai saman kansa. Da na hau sama duba bututun na ga wata a cikin ɗakin tattabaru, kusa da sheƙar 'yan shila. Na karanta sunan kamfanin da ke jikinta. Ta fi ta ƙasa tsada.

"Mai shagon ya ce duk aikinsu ɗaya," in ji Hajji, yana kallon kogi.

Gaskiya mai shagon ya faɗa. Na sa hannu, na sauko, na karɓi tukunyar Mama.